Yatsa Biyu a Gaban Babur

Babur ɗin ya dawo garejin bayan azahar a bayan wata motar ɗaukar kaya, an kwantar da shi a kan tsofaffin buhuna, kansa a karkace, madubi ɗaya a fashe. Mai shi ba ta biyo shi ba. Wayarta tana cikin akwatin da ke bayan kujera, inda take ta ƙara tun hantsi babu mai ɗauka.

Mai babur ɗin 'yar Injiniya ce, bakaniken da ke da garejin gyaran babura a ƙarshen layin masu walda, shi da ƙanensa. Ba injiniyan takarda ba ne, 'yan layin ne suka laƙaba masa, sunan ya bi shi. Ƙanen kuwa Auta ake ce masa, duk da furfurar da ta cinye masa gemu. Yarinyar, wadda Injiniya ke kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ta samu aiki a wani ɗakin gwajin jini. Aikin shi ne ta zagaya ƙananan asibitocin unguwanni, ta karɓi kwalaben jinin da aka ɗiba a jikin marasa lafiya, ta jera su cikin kula mai ƙanƙara, ta kai su kafin su lalace.

Wurin aikin ne ya ba ta babur. Irin dogon nan ne da aka yi don hanyar daji, ita kuwa guntuwa ce, uwarta ta biyo. In ta tsaya a danja, kan babban yatsanta kawai ke taɓa ƙasa, sai ta zame gefe guda a kan kujera kamar mai leƙen rijiya. Ta faɗi da shi a tsaye a ƙofar gida. Ta sake faɗuwa a gaban wani asibiti, masu gadi suka ɗaga ta suna ƙunshe dariya. An rage soson kujera, an saya mata takalma masu tudu, duk da haka ƙasa ta ƙi zuwa. Da ta kai kuka ofis, sai aka ce ƙaramin babur babu, ta je a gyara mata wannan yadda zai yi mata daidai, ko kuma a ba wani mai dogayen ƙafafu aikin.

Saura abu ɗaya da ba a gwada ba, shi ne a sauke gaban babur ɗin. Tayar gaba sanduna biyu ne na shokazoba ke riƙe da ita, ta dama da ta hagu, kowace an matse ta da noti a maɗaurin sama da na ƙasa. In aka sassauta notocin aka bar sandunan suka leƙo sama kaɗan, gaba sai ya sauka, gajere ya taka ƙasa. Sai dai babur ɗin yakan canza hali. Yakan yi saurin juyawa, a lungu da cunkoso abin ya yi daɗi, a titi da gudu kuwa kan ya yi rawa.

A kan wannan 'yan'uwan biyu suka saɓa da safiyar ranar. An riga an ɗora cikin babur ɗin a kan kututture, tayar gaba na lilo. Uwata na tsaye da hular kwano a hammata. Maƙwabcinsu mai faci ya jawo bencinsa kusa, shi da ba ya barin gardama ta wuce shi.

"Yaya, kan zai yi sauƙi da yawa," in ji Auta. "Yarinyar nan ba ta fi buhun auduga nauyi ba. Ta faɗa rami da gudu, sai ya ƙwace mata."

"Yatsa biyu kawai zan sauke."

"Yatsa biyu naka ai uku ne na mutane."

Mai faci ya tuntsire da dariya, ya ce gaskiya ne, shi ya taɓa ganin Injiniya ya danna lamba biyu a waya da yatsa ɗaya.

"Baffa, don Allah ku ajiye faɗan sai na dawo," in ji Uwata. "Jinin mutane na jirana."

"Ke rufe mana baki, 'yar tsana. Da kin ci abinci lokacin da ake binki da kwano, da yanzu ƙafarki ta kai ƙasa." Auta ya juya ga yayansa, wannan karon babu wasa a muryarsa. "Ni dai ban yarda ba. A mayar musu da kayansu."

"In ta mayar, wani za su ɗauka."

"To su ɗauka mana. Aikin ya fi ranta ne?"

Injiniya bai yi barci sosai ba saboda tunanin wannan aikin, kuma duk abin da Auta ke faɗa shi ma ya faɗa wa kansa. Jin sa a bakin wani, a gaban yarinyar, shi ya harzuƙa shi.

"Auta," ya ce, "'yarka ce ko tawa?"

Dariyar mai faci ta tsaya. Auta ya daɗe da aure, Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi ya riƙa ɗora yarinyar a kan tankin babur yana kai ta makaranta, shi ya koya mata tuƙi a filin ƙwallo. Ya ɗauki sifana, ya zagaya hagu ya tsuguna.

Tun suna samari a garejin mahaifinsu haka suke aiki. Duk abin da ke da ɓangare biyu, Injiniya dama, Auta hagu. Kowa zai ɗan kama notinsa, a daidaita, sannan a ɗaure. In an gama, Injiniya ya ce, "Naka?" Auta ya sake ɗora sifana a kan noti, ya ja, ya ce, "Ya ɗauru. Naka?" Shi ma ya ɗora tasa, ya ja, ya amsa. Ba a amsawa sai sifana na kan noti. Masu walda sun mayar da abin waƙa, in sun ga su tafe tare sai wani ya ce naka, wani ya ce ya ɗauru.

Ran nan aka yi aikin shiru. Suka sassauta, sandunan suka leƙo sama, Injiniya ya auna dama da yatsunsa, ya miƙa hannu ya auna hagu, suka yi daidai. Ƙarar sifana kawai ake ji da ta injin walda daga can. Aka cire kututturen. Uwata ta hau, ta sauke ƙafafu, tafin takalmanta biyu suka zauna a ƙasa.

"Baba, ƙasa! Wallahi ga ƙasa!"

Ta zagaya layin ta dawo, ta ce yanzu juyawa yake kamar keke. Injiniya ya maimaita mata dokokinsa: ban da gudu, ban da birkin gaba shi kaɗai, waya kuma a cikin akwati, ko wa ya kira kada ta ɗauka sai ta isa. Ta ɗaure kularta a baya, ta ce, "Baffa, sai na dawo." Auta ya ɗaga mata hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Da ta sha kwana, ya wanke hannunsa da fetur, ya ce wa mai faci in an neme shi ya tafi kasuwar kayan gyara. Bai dubi inda yayansa yake ba.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da wani mai kai burodi ya kawo babur sarƙa ta saki. Injiniya ya ja tayar baya, ya daidaita, ya ɗaure. Yana miƙewa bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Naka?"

"Nawa me?" in ji mai burodi.

Injiniya ya tsaya da sifana a hannu. Babu kowa a hagu. Ya shiga laluben safiyar a cikin kansa. Ya tuna aunawa, ya tuna cire kututture, ya tuna murnar yarinyar. Tsakanin aunawa da cire kututture ya nemi kalmar nan, ya rasa. Bai tambaya ba, ba a amsa masa ba. Auta na cikin fushi lokacin, kuma mai fushi yakan ɗan kama noti ya tashi.

Ya san abin da sandar da ba a ɗaure ba take yi. A lallausan titi ba ta nuna komai, mutum zai iya wuni a kai. Sai an taka birki da ƙarfi, nauyi duka ya koma gaba, sannan ta zame sama, taya ta karkace, kan ya murɗe a hannun mai tuƙi. Kuma ya san hanyar Uwata. Asibiti na ƙarshe yana hayin gada, dawowa kuwa sai ta gangaren da manyan motoci ke tsayawa ba sanarwa.

Ya kira ta. Wayar ta yi ƙara har ta gaji. Ya sake kira. Dokarsa ce take bi, shi ya kafa ta, har ya ce ranar da ya ji ta ɗauki waya a kan babur ranar zai karɓe makullin. Ya kira Auta, sai ƙara ta tashi a kan teburi cikin rumfa, inda ya bar wayar a caji. Ya kira ɗakin gwajin, wata mace ta ce ba ta iso ba, ai ba yanzu take isowa ba, lafiya dai? Ya ce lafiya lau.

"Injiniya, me ya faru? Fuskarka ta yi fari," in ji mai faci.

"Da safe ka ga Auta ya ɗaure notocin hagu?"

"Ni ina na sani? Ni faɗan nake kallo."

Ya sa sifana biyu a aljihu, ya bar mai burodi a tsaye, ya tayar da tsohon babur ɗinsa.

A asibiti na farko, wata nas mai tabarau ta ce ai ta daɗe da tafiya. "Wannan 'yar guntuwar mai fara'a? Yau sai murna take, wai ƙafarta ta kai ƙasa. Har sai da ta fito da mu muka gani. Kai ne baban? Sannu da ƙoƙari." Ya ce yauwa. A na biyu mai gadi ya nuna masa inda ta faka, ya ce da ya yi sauri kaɗan da sun haɗu. Injiniya ya duƙa ya dubi sawun taya a cikin ƙasa. Miƙe yake, bai nuna komai ba, kuma ya san ba zai nuna ba.

Yana shirin tashi wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta har tana neman suɓucewa. Uwar yarinyar ce.

"Malam, an gyara mata kuwa? Ta ce za ta kira ni in ya yi daidai."

"An gyara."

"To madalla. Ka ji muryarka wani iri. Kana kan hanya ne?"

"Kayan gyara na fito saye."

"To ka biyo mana da sabulun wanki. Kuma ka ce wa Auta matarsa na nemansa, wayarsa ba a ɗauka."

Kasuwar kayan gyara a kan hanya take. Ya yi niyyar wucewa, sai ya ga in Auta ya ce masa ya ɗaure, magana ta ƙare, zai iya numfashi. Ya kutsa layin masu taya da sarƙa. Bai sha wahalar nema ba. Auta na zaune a benci a gaban shagon wani abokinsa, babu ko leda a hannunsa, yana kallon masu wucewa. Da ya ga yayansa sai ya kawar da kai.

Injiniya bai kashe injin ba. Maganar safe tana nan tsakaninsu, ya san akwai abin da ya kamata ya fara faɗa, amma babu lokacinsa.

"Auta. Naka?"

Auta ya juyo a hankali. Ya dubi hannunsa na dama kamar a can amsar take.

"Ina jin na ɗaure."

"Kana ji, ko ka ɗaure?"

"Yaya, hannu ne ke aikin, ba ni ba. Tambayarka ce ke sa in koma in ja. Yau ba ka tambaya ba." Ya miƙe tsaye. "Na sama na tuna, don sifana ta zame ta buge ni a nan. Na ƙasa ne ban sani ba. Innalillahi. Ka kira ta?"

"Tana cikin akwati."

"Kai da dokokinka." Ya riga ya ɗaga ƙafa zai hau baya, sai ya tsaya. "Kai fa? Naka?"

"Ni kake tambaya? Hau mu tafi."

Suka kama hanyar gada. Rabon da su hau babur ɗaya tun ba su da gemu. Auta na ta magana a kunnensa, rabi iska ta kwashe. In na sama a ɗaure yake zai riƙe, ko ba haka ba? Ai na sama kaɗai ma yana riƙewa, sun sha ganin babura sun zo da na ƙasa a kwance, masu su ba su ma sani ba. Yarinyar kuma ba ta da nauyi. Da safe rashin nauyinta ne abin tsoronsa, yanzu shi ya zama abin dogaro. Idon Injiniya na kan kowane taron mutane a bakin titi. Wani taron na mai sayar da magani ne, wani na masu jiran mota. Kowanne sai ya rage gudu, ya leƙa, sannan ya wuce.

A kan gada cunkoso ya riƙe su. Wata tirela ta mutu a gangaren ɗaya hannun, an jera mata ganye a baya, motoci na zagaye ta ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya miƙe a kan babur ya leƙa. Bai ga komai ba sai hayaƙi da rufin motoci.

Asibitin hayin gada ƙarami ne, ɗaki uku da baranda. Mai ɗibar jinin, wani siririn mutum da safar hannu, ya ce ta zo ta karɓa ta tafi tun ɗazu.

"Babur ɗin lafiya? Ba ta ce komai ba?" in ji Auta.

"Ta ce yana ɗan ƙara a gaba in ta taka birki. Ƙwas, ƙwas, haka. Ta ce in ta koma za ta nuna wa babanta."

"Ta wane ɓangare?"

"Malam, ni jini nake ɗiba."

Suka fito baranda. Injiniya ya sake kiran wayarta, ta yi ƙara ta katse. Ya kira ɗakin gwajin, layin na kan magana. Auta ya jingina da ginshiƙi, ya cire hularsa yana murzawa.

"In wani abu ya same ta," ya ce, "ni ne."

Injiniya ya ji maganar, bai musa ba. Tun daga gareji abin da yake faɗa a ransa ke nan.

Suna gangarowa daga gada a hannun dawowa, sun wuce tirelar da ta mutu, sai Auta ya dafa kafaɗarsa. A gefen kwalta akwai ɓaraguzan madubi, da wani dogon karce da ya tafi ya ƙare a bakin kwata. Irin wannan a gangaren nan kullum akwai shi. Ba su tsaya ba sai da wayar Injiniya ta yi ƙara. Mai faci ne.

"Injiniya, kana ina? Ku dawo. An kawo babur."

"Ita fa?"

"Ku dai dawo."

Ko da suka iso, masu walda sun kashe injinansu sun kewaye motar. Direban, wani kakkauran mutum da tawul a wuya, yana zaune a kan bencin mai faci yana shan ruwa. Da aka nuna masa Injiniya sai ya tashi.

"Baba, kwantar da hankalinka, da ƙafarta ta tashi. A gangaren gada ne, ina bayanta. Tirelar nan ce ta tsaya kawai, kowa ya taka birki. Sai na ga gaban babur ɗin ya durƙusa, kan ya murɗe. Ta sa ƙafa biyu a ƙasa tana ja, wallahi kamar za ta tsayar da shi, ta rage masa gudu sosai. Daga baya ya fi ƙarfinta ya kwanta da ita."

"Kanta ya bugu?"

"Da hula. Ta tashi, ko jikinta ba ta duba ba, kular nan ta fara buɗewa."

"Jini fa?" in ji Auta.

Direban ya shafa hannunsa na dama daga gwiwa zuwa wuyan hannu. "Hannun rigarta nan duk ya jiƙe. Amma fa ta sa hannun a cikin kular, kuma na ji ƙarar fasasshiyar kwalba. Ko nata ne ko na ciki, ban sani ba. Na ce in kai ta asibiti, ta ce a'a, in ɗaukar mata babur in kawo layin masu walda, garejin Injiniya. Ta tare tasi ta shiga da kularta. Ni kuma sai da na sauke kayan mutane sannan na taho." Ya goge wuya da tawul. "Ta ba ni saƙo biyu. Wai kada a gaya wa Mama. Wai kuma a ce wa Baffa ba gudu take yi ba."

Auta ya juya baya, ya shiga rumfa, ya daɗe yana neman abin da ba ya nan.

Masu walda suka kama aka sauke babur ɗin, aka kafa shi. Daga cikin akwatin baya wayar ta fara ƙara. Injiniya ya buɗe ya duba, uwar ce, ya mayar ya rufe.

Tun babur ɗin na kwance a mota idonsa ya riga ya gani. Duk da haka hagu ya fara zuwa. Ya ciro sifana, ya ɗora a kan notin sama, ya ja. Ko motsi. Ya ɗora a kan na ƙasa, ya ja har jijiyar hannunsa ta tashi. Ko motsi. Ya sa yatsunsa a kan sandar. Yatsa biyu, daidai yadda ya auna da safe.

Sandar dama kuwa ta zame sama har ta daki ƙarfen kan babur, ta bar masa tabo. Injiniya ya tsaya yana kallonta. Yanzu safiyar ta dawo masa duka. Ya ɗan kama notocinsa, ya miƙa hannu ya auna na Auta, ya tsaya jiran lokacin ɗaurewa. A wurinsa lokacin ɗaurewa shi ne bayan Auta ya mayar masa da tambaya. Tambayar ba ta zo ba, yarinyar na duban agogo, aka cire kututture.

Auta ya fito daga rumfa. Ya zagayo dama, inda bai saba tsayawa ba, ya tsuguna ya ba jama'a baya. Ya sa yatsa biyu a kan notin ƙasa ya murza. Notin ya juya kamar murfin kwalba. Ya taɓa na sama, shi ma haka. Bai ɗago ya dubi yayansa ba.

"To wai wane ɓangare ne ya saki?" in ji mai faci, yana leƙe ta kan kafaɗarsa. "Na wa ne?"

"Namu ne," in ji Auta. "Matsa ka ba mutane iska."

Injiniya ya zauna a kan kututturen da aka ɗora babur ɗin da safe. Ya ajiye sifanar a ƙasa. Ya so ya ce wani abu game da notin, da kuma game da maganar safe, amma kafin ya fara, Auta ya matso kusa da shi. Ya zaro wayar Injiniya daga aljihunsa, ya kira ɗakin gwajin, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

Wannan karon aka ɗauka. Matar ta ce kular ta iso, wani direban tasi ne ya shigo da ita. An duba, kwalba ɗaya ta fashe, sauran lafiya. Yarinyar ba ta shigo ba. Direban ya ce tana cikin mota ta riƙe hannu, ta ce daga nan ya wuce da ita babban asibiti. Sun tura mutum ya bi ta, bai kira ba tukuna.

"Tashi, Yaya," in ji Auta. "Ni zan tuƙa."

Suka bar garejin a buɗe, mai faci ya ce zai duba. Babur ɗin na nan inda aka kafa shi, sandar hagu ta leƙo yatsa biyu, ta dama ta kai har wuya, ba wanda ya ƙara taɓa notocin. Wayar ta sake fara ƙara a cikin akwati lokacin da suke fita daga layin. Har zuwa sannan, a cikin waɗanda suka ga hannun rigar da waɗanda aka ba labari, babu wanda ya san na wane ne jinin.